Daga Wuƙar Halsted Zuwa Lissafin Kwamfuta: Tarihin Yadda Ake Zaɓar Maganin Sankarar Mama



A 'yan shekarun nan, idan aka ce an gano sankarar mama a jikin wata 'yar uwa a nan Abuja, tun kafin a gama haɗa kuɗin magani sai ka ji wani ɗan boko a dangi ya ce ai akwai shafi a intanet da ake zuba wa bayanan mara lafiya ya faɗi maganin da ya dace. Wani kuma ya ɗauki hoton takardar asibiti ya tura wa manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke wayarsa, ya dawo yana karanta wa mutane amsar kamar hukuncin alƙali. Maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Manhajojin suna nan, wasunsu likitoci na ƙwarai ne suka gina su, kuma ana aiki da su a manyan asibitocin duniya. Sai dai suna da tarihi, kuma wanda ya san tarihin zai fi gane inda za su amfane mu da inda za su iya ruɗa mu.

Ba a neman shawara sai inda hanya ta rabu. Kusan shekara tamanin kuwa hanya ɗaya ce tilo. A 1894 wani likitan fiɗa mai suna William Halsted, na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, ya wallafa sakamakon aikin da ya yi wa mata 50. Yana cire nonon gaba ɗaya, ya haɗa da tsokokin ƙirji da ke ƙarƙashinsa da duk kaluluwar hammata. A ganinsa cutar rarrafawa take yi daga nono zuwa maƙwabtansa sannu a hankali, don haka in ka yanka da faɗi ka sha gabanta. Matan sukan tashi da rami a ƙirji, da yawa kuma hannunsu ya kumbura har ƙarshen rayuwa. Duk da haka wannan aiki shi ya zama doka a asibitocin Turai da Amurka har shekarun 1970.

Akwai wata al'ada da ta tafi tare da shi, wadda in ka ji ta yau sai jikinka ya yi sanyi. Mace za ta shiga ɗakin tiyata don a ɗan yanki ƙullutun a duba. Tana cikin barcin allura za a kai naman ɗakin gwaji, in aka ga sankara ce sai a zarce da cire nonon nan take. Sai ta farka ta shafa ƙirjinta ne take sanin abin da aka yanke a kanta. A 1974 wata 'yar jarida, Rose Kushner, ta ji ƙullutu a nononta ta ce atafau ba za a yi mata haka ba. Ta yi ta zagayen likitoci kafin ta samu wanda ya yarda ya raba aikin biyu, a gwada tukuna, ta farka a yi magana da ita. Daga nan ta mai da abin yaƙi. A 1979 wani kwamitin ƙwararru na hukumar binciken lafiya ta Amurka, wanda ita ma tana cikinsa, ya ba da shawarar a daina wannan al'ada. A shekarar ce kuma jihar Massachusetts ta kafa dokar da ta wajabta wa likita ya gaya wa mace duk hanyoyin magani da ake da su.

Abin da ya karya aikin Halsted shi ne ƙidaya. Bernard Fisher, likitan fiɗa a Pittsburgh, ya ce sau da yawa ƙwayoyin cutar sun riga sun bi jini tun ƙullutun yana ƙarami, saboda haka faɗin yanka ba ya ƙara kwana. A 1971 ya fara gwaji da mata sama da 1,600, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu a yi musu aikin Halsted, wasu a cire nonon kawai. Shekaru suka wuce, ba a ga bambanci a tsawon ransu ba. A 1976 ya sake wani gwajin, a wannan karon ana cire ƙullutun kaɗai a bar nonon, a bi da gashi, wato hasken na'urar da ke ƙone ragowar cutar. Sakamakon da ya fito a 1985 ya nuna cewa ga wadda ta zo da wuri, wannan daidai yake da cire nonon. A birnin Milan na Italiya, Umberto Veronesi ya riga ya ga haka a mata 701, ya wallafa a 1981. A tsakanin nan magunguna ma suka yawaita: Gianni Bonadonna, shi ma a Milan, ya nuna a 1976 cewa allurar kemo bayan tiyata tana rage dawowar cutar, ƙwayar tamoxifen ta shigo a shekarun 1970, trastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin, ya zo a 1998.

To daga rashin zaɓi sai aka faɗa cikin yawan zaɓi, kuma nan ne lissafi ya zama dole. Ina so mu ɗan tsaya a nan, don duk manhajojin da za mu ambata a kan wannan lissafi suke tsaye. Mu ɗauka, don misali kawai, wani magani yana rage haɗarin mutuwa da kashi ɗaya cikin uku. A cikin mata 100 masu cuta mai zafi, waɗanda 30 daga cikinsu za su rasu in ba a ba su ba, maganin zai mai da 30 ɗin 20, wato ya tserar da mata 10. A cikin wasu 100 masu cuta mai sauƙi, waɗanda 6 ne kaɗai ke cikin haɗari, zai mai da 6 ɗin 4, wato mata 2. Magani ɗaya ne, ƙarfinsa ɗaya, amma a rukuni na biyu mata 98 za su sha zubewar gashin kai da amai da raunin jiki da kashe kuɗi ba tare da ya canja musu komai ba. Tambayar kowane likita ita ce: wannan matar da ke zaune a gabana, a wane rukuni take?

Amsa ta farko da ta karɓu ba ta ma buƙaci kwamfuta ba. A 1982 likitoci a Nottingham ta Ingila suka bi bayanan mata 387 suka fitar da wani ɗan lissafi da za ka iya yi a bayan ambulan. Ka ninka girman ƙarin a santimita da 0.2, ka ƙara lambar zafin ƙwayoyinsa daga 1 zuwa 3, ka ƙara lambar kaluluwa: 1 in cutar ba ta shiga ko ɗaya ba, 2 in ta shiga ɗaya zuwa uku, 3 in ta kai huɗu ko fiye. Mace mai ƙari santimita 2, mai matsakaicin zafi, kaluluwa lafiya, ta samu 3.4, tana rukunin masu kyakkyawan fata. Mai ƙari santimita 6, mai zafi sosai, kaluluwa biyar sun kamu, ta samu 7.2, ta wuce 5.4 da aka sa a matsayin iyakar rukuni mai haɗari. Har yau ana amfani da wannan lissafi.

Su kuwa masana kwamfuta sun fara nasu yunƙurin a jami'ar Stanford. A shekarun 1970 Edward Shortliffe ya gina MYCIN, manhaja mai ƙa'idoji kusan 600 na "in kaza ne, to kaza", don zaɓen maganin cututtukan jini masu yaɗuwa. Ta yi ƙoƙari a gwaji, amma ba ta taɓa shiga aikin yau da kullum ba. Ƙanwarta ONCOCIN ta shiga asibitin sankara na Stanford a 1981, tana taya likitoci bin jadawalin kemo da daidaita yawan magani. Ita ma ba ta yi nisa da gidansu ba. Injinan lokacin tsada gare su, kuma likita sai ya zauna ya shigar da komai da hannunsa.

Wadda ta fara bazuwa duniya ita ce Adjuvant!, da Peter Ravdin na San Antonio a jihar Texas ya gabatar a 2001. Likita zai shigar da shekarun mace, girman ƙari, zafinsa, adadin kaluluwar da suka kamu, ko ƙarin yana ci da sinadarin estirojin, da sauran cututtukan da ke jikinta. Manhajar sai ta fito da zane mai launi: cikin mata 100 irinta, nawa za su kai shekara goma da tiyata kaɗai, nawa kemo zai ƙara, nawa ƙwayar homon za ta ƙara. Ina ta samo wannan sani? Wuri biyu: rajistar masu sankara ta Amurka, da babban tarin gwaje-gwajen duniya da masana a Oxford suke haɗawa tun tsakiyar shekarun 1980. Wato ba duba take yi ba. Tana leƙa littafin matan da suka gabata ne, ta nemo masu kama da wannan, ta faɗi yadda suka ƙare.

Da aka jarraba ta a kan mata sama da 4,000 a lardin British Columbia na Kanada, hasashenta ya zo kusan daidai. Da aka kai ta Malesiya sai labari ya sha bamban. A 2012 masu bincike a asibitin Jami'ar Malaya da ke Kuala Lumpur suka gwada ta da mata 631. Ta ce kusan 70 cikin ɗari za su kai shekara goma, amma waɗanda suka kai kusan 64 ne, kuma a tsakanin 'yan ƙabilar Malay giɓin ya fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Manhajar ba ta lalace ba. Littafin da take leƙawa ne babu matan Malesiya a ciki. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi. Daga baya aka rufe shafin Adjuvant!, bayan ilimi ya wuce shi, musamman a kan nau'in cutar mai ɗauke da alamar HER2.

Wadda ta gaje ta, kuma ita ce galibi 'yan uwanmu na waje ke turo mana, ita ce PREDICT, daga Cambridge a 2010. Gordon Wishart da Paul Pharoah da abokan aikinsu sun gina ta da bayanan mata kusan 5,700 na gabashin Ingila da aka gano wa cutar tsakanin 1999 da 2003. Kyauta ce, kowa zai iya buɗewa, kuma an yi mata gyare-gyare sau da dama. Abin da ya fi burge ni a kanta shi ne yadda take nuna amsa: hoton mutane 100 ne a jere, kowane launi da ma'anarsa, ta yadda ko wadda ba ta yi lissafi mai zurfi ba za ta gane. Likitocin Cambridge har ƙa'ida suka kafa a kai. In kemo zai ƙara ƙasa da mata 3 cikin 100 a shekara goma, ba sa ba da shawarar a yi. In ya wuce 5, suna ba da shawarar a yi. In ya faɗo tsakanin 3 da 5, sai a zauna da matar ta zaɓa. A nan ne yaƙin Rose Kushner ya haɗu da lissafin kwamfuta.

Kuma an ga cewa bayani yana canja zaɓi. A Hamilton ta Kanada, Tim Whelan ya gwada wani allo na bayani, ba ma na kwamfuta ba, da likitan fiɗa ke nuna wa mace. A sakamakon 2004, kashi 94 na waɗanda aka nuna wa allon sun zaɓi a cire ƙullutun a bar nono, a kan kashi 76 na waɗanda ba a nuna wa ba. Akwai kuma gwajin Oncotype DX na 2004, mai auna ƙwayoyin halitta 21 a cikin ƙarin, wanda babban bincike na mata sama da 10,000 a 2018 ya nuna yana ba mata da yawa damar tsallake kemo lafiya. Ba zan daɗe a kansa ba, don kuɗinsa dubban daloli ne kuma sai an aika naman ƙasar waje.

Sai babban labarin da ya kamata duk mai dogaro da waya ya ji. A 2011 kwamfutar kamfanin IBM mai suna Watson ta doke zakarun wani shirin kacici-kacici na talabijin a Amurka. A 2012 kamfanin ya haɗa kai da asibitin sankara na Memorial Sloan Kettering a New York don ya mai da ita mai ba likitoci shawara. Aka yi ta yayata cewa ta karanta littattafan da ɗan Adam ba zai iya karantawa ba. A asibitin Manipal na Indiya an ce ta yi daidai da kwamitin likitoci a kashi 93 na masu sankarar mama 638. Amma a wasu ƙasashen Asiya ta riƙa ba da shawarar magungunan da babu su a ƙasar, ko waɗanda inshora ba ya biya. Asibitin MD Anderson na Texas ya kashe sama da dala miliyan 60 a kan nasa aikin da Watson, aka dakatar ba a kai ga marasa lafiya yadda aka yi alkawari ba. A 2018 jaridar lafiya ta STAT ta fito da takardun cikin gida na kamfanin da ke nuna cewa manhajar ta ba da wasu shawarwari na kuskure masu haɗari, kuma an horar da ita ne da misalan marasa lafiya na ƙirƙira da ra'ayin likitoci kaɗan na asibiti ɗaya. A 2022 IBM ya sayar da sashen lafiyar. Wannan fa manhaja ce da aka gina don sankara kaɗai, da kuɗi mai ɗimbin yawa. Sai ku auna da wadda ke wayarmu, wadda take rubuta wasiƙar neman aiki da safe ta koya girki da rana.

Yanzu mu dawo gida. Tunda aikin manhaja leƙa littafi ne, ina namu littafin? An fara rubuta shi a Ibadan a 1960, lokacin da Farfesa George Edington ya kafa rajistar masu sankara a asibitin koyarwa na can. Abuja ta shigo a makare: Asibitin Ƙasa ya buɗe a 1999, rajistar sankara ta birnin kuma ta fara a 2009. Rahoton da ya haɗa Ibadan da Abuja a 2012, wanda Dakta Elima Jedy-Agba ta jagoranta, ya tabbatar da cewa sankarar mama ce kan gaba a tsakanin mata. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 ya ba Najeriya sababbin masu cutar sama da 32,000 da mace-mace sama da 16,000 a shekara. Wani bincike da ya bi mata a ƙasashen Afirka biyar, aka wallafa a 2020, ya samu cewa a asibitocin Aba da Owerri kashi 36 ne kawai suka kai shekara uku bayan gano cutar, alhali a tsakanin Turawan Namibiya kashi 90 ne. Rajista kuwa ƙirga sababbin masu cuta take yi. Abin da manhaja ke buƙata ya wuce haka: a bi kowace mace shekara goma, a san maganin da ta sha, a san yadda ta ƙare. A wurinmu mara lafiya takan koma Funtuwa ko Azare bayan allura ta uku, lambar wayarta ta daina shiga, fayil ɗinta ya tsaya nan.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma. PREDICT da ire-irenta an yi su ne don wadda ta zo da wuri, aka yi mata tiyata, cutar ba ta bazu ba. Binciken da ya tattara rahotannin Afirka kudu da Sahara a 2016 ya nuna kusan uku cikin huɗu na matanmu suna isa asibiti ne a mataki na uku ko na huɗu. Da yawansu sai an fara musu kemo don ƙarin ya ragu kafin a iya tiyata. Ke nan mafi yawan 'yan uwanmu ba su ma cikin waɗanda shafin ya ce a shigar. Wanda ya shigar da bayanan irin wannan mara lafiya zai iya samun lamba, amma lambar ba tata ba ce. Haka zaɓin nan da Fisher da Veronesi suka samar, na barin nono, sharaɗinsa ƙarin ya zama ƙarami kuma a samu gashi na makonni a jere. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sankara ya san yadda ake bin layi, ko a tashi daga wannan gari zuwa wancan, don neman na'urar gashi mai aiki.

Matsala ta uku ita ce wadda na fi so kowa ya fita da ita, domin ita ce take hannunmu. Manhaja ba ta ganin mara lafiya, takardar ɗakin gwaji take gani. Tana tambaya ko ƙarin yana ci da estirojin, wanda a takarda ake rubuta ER, da ko yana da HER2. Wannan layin guda biyu su ke raba magani. Mai ER tana iya cin moriyar tamoxifen, ƙwaya mai arha wadda shan ta shekara biyar ke rage mutuwa daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wadda ba ta da ER kuwa ba abin da ƙwayar za ta yi mata. Haka Herceptin mai tsadar gaske, mai HER2 kaɗai yake yi wa aiki. Amma a wani rahoto na asibitin koyarwa na Ile-Ife da ya duba mata kusan 600, ɗaya cikin biyar ne kawai, ko kusa da haka, aka yi wa wannan gwaji.

Ko inda aka yi gwajin ma, da sauran rina a kaba. A 2009 ƙungiyar Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago ta duba naman mata 507 daga Najeriya da Senegal ta samu kusan ɗaya cikin huɗu ne ke da ER. Shekara guda kafin nan, Farfesa Clement Adebamowo a Ibadan, da ya kula da yadda ake adana naman, ya samu kusan biyu cikin uku. Masana sun daɗe suna muhawara a kan wannan saɓani, kuma ɗaya daga dalilan da ake kawowa shi ne yadda ake riƙe naman bayan an yanko. Ƙa'idar duniya ita ce ya shiga ruwan fomalin cikin awa ɗaya, ya zauna a ciki tsakanin awa 6 da 72. In aka bar shi a kwano, ko aka tsoma shi cikin ruwan da aka surka, ko ɗan uwa ya yi kwana da kwanaki yana yawo da kwalbar a mota, alamar ER tana iya ɓacewa. Sai takarda ta ce babu alhali akwai, a hana mace ƙwayar da za ta taimake ta. Kwamfuta mafi wayo a duniya ba za ta gano wannan kuskure ba, a kansa ma za ta ɗora lissafinta.

Ba a zauna haka kawai ba, kuma Abuja tana da hannu a gyaran. Lokacin da Farfesa Isaac Adewole yake ministan lafiya, shi da Dakta Jackson Orem na cibiyar sankara ta Uganda suka jagoranci wata haɗakar likitocin sankara na Afirka. Suka ɗauki ƙa'idojin magani na Amurka da ake kira NCCN suka bi su layi-layi, suna ware abin da ke samuwa a asibitocinmu, da abin da sai manyan cibiyoyi, suna ƙara mafita ga inda kayan aiki suka gaza. An ƙaddamar da kashin farko, har da na sankarar mama, a Kigali ta Ruwanda a Nuwamban 2017. IBM ɗin nan dai shi ya gina musu wata manhaja, Cancer Guidelines Navigator, wadda likita zai shigar da matakin cuta da sakamakon gwaji ta kai shi shafin ƙa'idar da ya dace. Ba ta da ƙasaitar Watson, ba ta ce ta fi likita sani ba, taswira ce kawai. A ganina wannan ya fi dacewa da halin da muke ciki. Daga baya gwamnati ta buɗe asusun tallafa wa masu sankara marasa ƙarfi a 2021, wanda ya haɗa da sankarar mama, kuma Asibitin Ƙasa na Abuja da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suna cikin na farko. A 2023 cibiyar bincike da maganin sankara ta ƙasa, NICRAT, ta fara aiki a nan Abuja ƙarƙashin Farfesa Usman Malami Aliyu.

Akwai kuma lambar da babu manhajar da ta tanadar mata gurbi. A 2010 likitocin fiɗa a Zariya suka wallafa binciken matan aure 81 da aka cire wa nono. Bayan shekara uku, 31 daga cikinsu aurensu ya mutu ko sun rabu da mazansu. Mace ta san wannan ko ba ta karanta rahoton ba, ta gani a maƙwabta. Shi ya sa idan likita ya ce tiyata sai ta ce bari ta je ta yi shawara, ta ɓace wata shida tana shafe-shafe da shaye-shaye, ta dawo ciwo ya fashe. A Cambridge lissafin yana tsakanin mace da likitanta ne. A wurinmu akwai miji, da uwar miji, da yayan da zai sayar da fili, da kishiya, kuma kowannensu yana da nauyi a ma'aunin. Iyayen gida, wannan ɓangaren naku ne. Kalma ɗaya daga bakin miji cewa yana nan daram ko da nono ko babu tana iya sa mace ta hau gadon tiyata a watan da tiyatar za ta yi amfani.

Ga wanda jinya ta faɗo wa a yanzu, shawarata ita ce kada a yarda a cire ƙullutu a ko'ina ba tare da an kai naman ɗakin gwaji ba, kuma a tambayi likita tun kafin aiki ko za a yi gwajin ER da HER2, da inda za a yi shi, da wanda zai kai naman. In sakamako ya fito a nemi a karanta muku girman ƙarin, zafinsa, adadin kaluluwa da matakin cutar. A tambaya ko kwamitin likitoci, wato na fiɗa da na kemo da na gashi da na ɗakin gwaji, sun zauna a kan fayil ɗin. In cutar tana matakin farko kuma an yi tiyata, ba laifi a roƙi likitan ya buɗe PREDICT ku duba tare, yana yi muku bayanin cewa alƙaluman na matan Ingila ne. In an koma gida a bar wa asibiti lambar waya biyu, a kuma amsa in sun kira, don da irin wannan kiran ake rubuta littafin da matanmu za su shiga. Takardar gwajin kuwa a ɗauki hotonta a waya, a yi kwafi biyu, a ajiye ta asali a gida, domin duk asibitin da aka je nan gaba ita za a fara tambaya.